Ƙarar da Aka Jingine: Fursunan Amurka Tsakanin Kotun Jiha da Kotun Tarayya

A ranar 22 ga Fabrairu, 2000, wani fursuna mai suna Charles Rhines, wanda ke jiran a zartar masa da hukuncin kisa a jihar Dakota ta Kudu, ya shigar da ƙara gaban kotun tarayya ta Amurka, ba tare da lauya ba. Doka ta ba shi wa'adin shekara guda ya yi hakan, kuma bai ci ko wata ɗaya daga cikinta ba. Bayan an naɗa masa lauya aka faɗaɗa takardar ta kai ƙorafi 35, kowanne na cewa an tauye masa wani haƙƙi da kundin tsarin mulki ya ba shi. Sai ranar 3 ga Yuli, 2002 alƙaliyar ta gama tantancewa, ta ce takwas daga cikin ƙorafe-ƙorafen ba a taɓa kai su gaban kotunan jiha ba, don haka ba ta da hurumin taɓa su.

Hukuncin da aka saba a irin wannan hali shi ne a sallami ƙarar, a ce wa mai ita ya koma jiha ya gama da takwas ɗin, sannan ya dawo. To amma a cikin shekara biyu da watannin da takardar ta yi a teburin kotu, wa'adin shekara gudan nan ya cika tuni. Da an sallame shi, da ya dawo ya tarar da ƙofa a garƙame, ba a kan takwas ɗin kaɗai ba, har da sauran 27. Sai kotun ta zaɓi wata hanya: ta jingine ƙarar, ta ba shi kwana 60 ya garzaya kotun jiha, da wasu kwana 60 na dawowa bayan an kammala a can. Gwamnatin jihar ta ce ba ta yarda ba. Gardamar da ta biyo baya ita ce ta kai ga Kotun Ƙoli, kuma ita ce babban ginshiƙin jingine irin wannan ƙara ta fursuna a kotunan tarayyar Amurka a yau.

Mai karatu ɗan Nijeriya da ya ji an ce "an dakatar da shari'a" zai fara tunawa da manyan mutane masu lauyoyi goma, waɗanda ke amfani da ɗaukaka ƙara a tsakiyar shari'a su ja ta shekara da shekaru. Abin da ya sa ke nan sashe na 306 na dokar gudanar da shari'un laifuka ta 2015 ya hana sauraron buƙatar dakatarwa a shari'ar laifi. Wannan tunani yana da tushe, amma idan aka ɗora shi a kan abin da ke faruwa a Amurka zai ɓatar da mutum. A can, wanda ya fi buƙatar a jingine masa ƙara galibi shi ne wanda ba shi da kowa.

Bambancin ya samo asali ne daga ginin kotunan. A Nijeriya, hukuncin babbar kotun jiha yana hawa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli. Tsani ɗaya ne. A Amurka tsani biyu ne a jere. Kowace jiha cikin 50 tana da dokokinta na laifuka, da kotunanta tun daga ƙasa har zuwa kotun ƙolinta, kuma mafi yawan fursunonin ƙasar waɗannan kotuna ne suka ɗaure su. Kotun tarayya ba ta sake sauraron shari'ar kisa ko ta fashi don a ga wanda ya yi gaskiya. Ƙofarta ɗaya ce ga fursunan jiha: wata tsohuwar takardar ƙara da aka gada daga Ingila mai suna habeas corpus, wadda ma'anarta ita ce a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali a nuna hujjar tsarewar. Majalisar dokoki ta buɗe wa fursunonin jihohi wannan ƙofa a 1867, bayan yaƙin basasa. Abin da fursuna zai faɗa a nan shi ne ɗaurin da aka yi masa ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa: an tilasta masa amsa laifi, ko lauyansa ya yi sakaci mai muni, ko masu gabatar da ƙara sun ɓoye shaidar da za ta wanke shi.

Tun a 1886, a shari'ar Royall, Kotun Ƙoli ta ce kada alƙalin tarayya ya yi gaggawar shiga gaban kotun jiha. A bar ta ta fara gyara kuskurenta da kanta. An rubuta wannan cikin doka a 1948. A 1982, a shari'ar Rose da Lundy da ta taso daga jihar Tenesi, aka ƙara tsananta shi: idan takarda ta ƙunshi ƙorafin da aka gama da shi a jiha haɗe da wanda ba a gama ba, a mayar da ita gaba ɗaya. A 1999 kuma aka fayyace cewa gamawa na nufin a bi matakan ɗaukaka ƙara na jihar har ƙarshe, ko da kotun ƙolin jihar tana da 'yancin ƙin saurare.

A 1982 wannan doka ba ta cutar da kowa sosai, domin babu wa'adi. An sallame ka, ka je ka dawo, ko bayan shekara biyar ne. Abin ya sauya ne bayan harin bam na birnin Oklahoma a ranar 19 ga Afrilu, 1995, wanda ya hallaka mutum 168. Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Afrilu, 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira AEDPA, wadda sunanta ya haɗa yaƙi da ta'addanci da hanzarta zartar da hukuncin kisa. Ita ce ta kafa wa'adin shekara guda daga ranar da hukunci ya tabbata, ta kuma kusan toshe hanyar shigar da ƙara karo na biyu. Dokar ta ce agogon yana tsayawa muddin akwai ƙorafin da aka shigar yadda ya dace a kotun jiha. Tambayar da ta rage ita ce ko yana tsayawa idan takardar tana hannun kotun tarayya. A 2001, a shari'ar Duncan da Walker, Kotun Ƙoli ta ce a'a.

Nan tarkon ya haɗu. Dokar 1982 ta ce ka koma, dokar 1996 ta ce lokacinka na tafiya, hukuncin 2001 ya ce duk watannin da alƙalin tarayya ya ɗauka yana duba takardarka a asusunka za a cire. Gaba kura, baya siyaki. Idan fursuna ya ce a sallame shi ya koma jiha, wa'adi ya cinye shi. Idan ya ce a goge ƙorafe-ƙorafen da ba a gama ba a ci gaba da sauran, ya yi bankwana da su ke nan, domin ƙara ta biyu sai da izinin kotun ɗaukaka ƙara, kuma sharuɗɗan izinin ƙunci gare su ƙwarai. Wani lokacin ƙorafin da za a goge ɗin shi ne mafi ƙarfi, tunda irin su ɓoye shaida ba a cika gano su da wuri ba.

Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya an raba su shiyya-shiyya, kowace da jihohin da take kula da su. Ta shiyya ta takwas ce ta soke jinginewar da aka yi wa Rhines. Kotun Ƙoli ta karɓi batun, ta yanke hukunci ranar 30 ga Maris, 2005, Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta, kamar yadda ita ce ta rubuta na 1982 da na 2001. Ta ce kotun tarayya tana da ikon jinginewa, amma ba kullum ba. Sai fursuna ya kawo gamsasshen dalilin da ya hana shi fara zuwa kotun jiha, sai ƙorafin bai zama holoƙo a fili ba, sai kuma babu alamar yana jan ƙafa da gangan. Idan ukun nan sun cika, ƙin jinginewa zai iya zama kuskure daga alƙali. Kotun ta ƙara da cewa a sa iyaka ga tafiya da dawowa, ta ba da misalin kwana 30 kowanne. Dalilin taka-tsantsan ɗin ta faɗe shi ƙarara: fursunan da aka ɗaure shekaru yana son a gama da wuri ya fita, amma wanda ke jiran kisa kowace rana ta jinkiri riba ce a wurinsa.

A aikace abin ba shi da wani armashi. Alƙali ya rubuta umarni na shafi biyu ko uku, sau da yawa magatakardan kotu ya rufe fayil ɗin a rajista ba tare da an kashe ƙarar ba, a umarci fursuna ko lauyansa ya riƙa aiko da rahoto lokaci-lokaci kan inda aka kwana a kotun jiha. Idan ya wuce ranar dawowa, ana iya ɗage jinginewar a sallami ƙarar, kuma a lokacin babu sauran wa'adi.

Inda na ga rauni a hukuncin shi ne sharaɗi na farko. Kotun ta ce "gamsasshen dalili" ta yi shiru, ba ta faɗi abin da yake ba. Mai Shari'a David Souter ya nuna damuwa a kan haka tun a ranar, yana ganin sharaɗin zai fi danne waɗanda ke tsaya wa kansu ba lauya, kuma da an bar shi a kan hana masu jan ƙafa da gangan kawai. Ina tare da shi. A Amurka talaka yana da haƙƙin lauya kyauta a shari'arsa ta farko da ɗaukaka ƙara ta farko. Daga nan tsarin mulki ya janye hannu: a 1987 da 1991 Kotun Ƙoli ta ce babu haƙƙin lauya a matakin sake duba hukunci a jiha, wato sabuwar ƙarar da fursuna kan shigar a kotun jiha don ƙalubalantar ɗaurinsa, daban da ɗaukaka ƙara. Mafi yawan masu shigar da irin wannan ƙara, in ban da masu hukuncin kisa, da kansu suke rubutawa, daga ɗakin karatu na gidan yari da ake ba su 'yan sa'o'i, ko da taimakon wani fursuna da ya ɗan ƙware. Mutumin da bai gama sakandare ba ake so ya gane cewa ƙorafinsa na huɗu bai hau kotun ƙolin jiha da irin kalmomin da ya dace ba, ya san akwai abin da ake kira jinginewa, ya roƙa, sannan ya kare dalilinsa. Kotuna da dama kuwa sun ce rashin sanin doka shi kaɗai ba dalili ba ne.

Saboda wannan shiru, amsar da fursuna zai samu ta danganta da inda aka ɗaure shi. Shiyya ta tara, mai mazauni a San Faransisko wadda ta haɗa Kalifoniya da Arizona da Nebada da wasu jihohin yamma, ta fi sassauci. A 2014 ta ce sakacin lauya a matakin sake duba hukunci a jiha zai iya zama gamsasshen dalili, a 2016 ta ce ana iya jingine takardar da babu ko ƙorafi ɗaya a cikinta da aka gama da shi a jiha, a 2017 ta ce rashin lauya gaba ɗaya a wancan mataki ma dalili ne. Tana kuma da wata hanya ta daban da ba ta neman dalili: a cire ƙorafin da ba a gama da shi a jiha ba, a jingine sauran, a mayar da shi daga baya. Sai dai wannan tana da ƙaya, domin idan wa'adi ya wuce, ƙorafin ba zai koma ba sai ya kasance tushen labarinsa ɗaya da wanda ke ciki. A wasu shiyyoyin alƙalai sun fi tsauri. Doka ɗaya ce ta tarayya, amma mutum biyu masu matsala iri ɗaya, ɗaya a ji shi, ɗaya a kore shi.

Ƙasa da wata guda bayan hukuncin Rhines, Kotun Ƙoli ta ƙara wani abu a shari'ar Pace ta jihar Fensilfeniya. Ta ce idan kotun jiha ta yi watsi da ƙorafi saboda an makara, to tun farko ba a shigar da shi yadda ya dace ba, ke nan agogon tarayya bai taɓa tsayawa ba. Fursuna zai iya zaman jiran shekara uku yana zaton lokacinsa a ajiye yake, ranar da hukunci ya fito ya gane ya ƙare tun tuni. Maganin da kotun ta bayar shi ne ya shigar da takardar riga-kafi a kotun tarayya tun da wuri, ya roƙi a jingine ta. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da lauya ya karanta masa ita.

Akwai wani reshe na batun da ba neman saki ba ne, neman diyya ne. Wata dokar 1871, wadda aka yi don kare baƙaƙen fata daga ta'addancin ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, kuma aka fi sani da sashe na 1983, ta ba kowa damar maka jami'in jiha a kotun tarayya idan ya tauye masa haƙƙi. Mutumin da ke tsare yana jiran shari'a yakan yi ƙarar 'yan sandan da suka kama shi ko suka bincike gidansa ba bisa ƙa'ida ba. Nan ma bango biyu ne. A 1971, a shari'ar Younger da Harris ta Kalifoniya, an hana kotun tarayya tsoma baki a shari'ar laifi da ke gudana a jiha, sai a yanayi na musamman kamar tuhumar da aka ƙulla da mugun nufi. A 1994, a shari'ar Heck da Humphrey ta Indiyana, aka ce ba a neman diyyar da samunta zai nuna ɗaurin mutum ba daidai ba ne, sai an fara rushe ɗaurin.

Mai hankali zai ce to a jira a gama. Wani matashi a Shikago, Andre Wallace, haka ya yi. An kama shi a 1994 yana ɗan shekara 15 bisa zargin kisa, aka ɗaure shi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce an kama shi ba da hujja ba, aka janye tuhumar a 2002. Ya shigar da ƙarar diyya a 2003. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce ya makara: wa'adin ƙarar kamu ba bisa ƙa'ida ba yana farawa ne tun lokacin da aka gurfanar da mutum gaban alƙali, ba ranar da aka sake shi ba, kuma na jiharsa shekara biyu ne. Abin da ya kamata a yi, in ji kotun, shi ne a shigar da ƙarar da wuri, alƙalin tarayya ya jingine ta har a gama shari'ar laifin. In an wanke mutum, ƙarar ta farfaɗo. In an ɗaure shi kuma ƙarar ta ci karo da ɗaurin, a sallame ta. Da dama daga cikin umarnin dakatarwa da ake gani a ƙararrakin diyya na fursunoni daga nan suke.

Ba daidai ba ne a yi wannan magana a manta da ɗaya ɓangaren. Laifin Rhines ba ƙarami ba ne: a 1992 ya kashe wani matashi ma'aikaci a wani shagon sayar da fanke a garin Rapid City lokacin da ya shiga sata. Bayan nasararsa a Kotun Ƙoli, kotun tarayya ta sake jingine ƙarar a ƙarshen 2005, aka shafe shekaru a kotunan jiha, sai a 2016 ta yi watsi da ƙorafe-ƙorafensa. An zartar masa da hukunci ranar 4 ga Nuwamba, 2019, shekara 27 bayan kisan. Iyayen mamacin sun tsufa a cikin wannan jira. Duk wanda ya ce jinkirin ba ya ciwo, bai taɓa zaman makoki ba. Kotun Ƙoli ma ta ja layi a 2013, ta ce ba a jingine ƙara sai abin da hali ya yi don ana jiran fursuna mai taɓin hankali ya warke alhali babu alamar zai warke.

Sai dai a duba wane ne ke cin lokacin. Kwana 30 ko 60 ake ba fursuna. Shekarun da ke biyo baya na kotun jiha ne, wadda alƙalin tarayya ba shi da ikon sa mata rana. Doka ta amince a tsallake jiha idan hanyarta ta zama ba ta da amfani, kuma a 1994 shiyya ta goma, kan cunkoson ɗaukaka ƙara a Oklahoma, ta ce jinkirin da ya wuce shekara biyu ya isa a fara zaton hakan. Amma alƙalai ba sa saurin bin wannan hanya, don girmama jiha. Ga wanda aka ɗaure shekara shida, jinginewar shekara huɗu tana nufin ko ya yi nasara ya riga ya cinye mafi yawan zaman.

Duk da haka nauyin wannan hanya ƙaruwa yake yi. A 2011 Kotun Ƙoli ta ce alƙalin tarayya zai auna hukuncin jiha ne da shaidar da ke gaban kotun jihar kawai. A 2022, a shari'ar Shinn da Ramirez, ta ce ko da sakacin lauyan da jiha ta naɗa ne ya sa ba a kawo shaida ba, kotun tarayya ba za ta karɓi sabuwa ba, sai a ƴan keɓantattun yanayi. Ɗaya daga cikin mutum biyun da shari'ar ta shafa, Barry Jones na Arizona, kotun tarayya ta riga ta saurari shaidar likitoci da ta girgiza tuhumar da aka yi masa, aka ce wannan sauraro bai halatta ba. A kotun jiha ne daga baya aka sasanta, ya amsa laifin da bai kai na farko nauyi ba, ya fita a Yunin 2023 bayan kusan shekara 29. Tun daga wancan hukunci, lauyan da ya tono sabuwar shaida kusan hanya ɗaya ta rage masa: ya roƙi a jingine ƙarar tarayya, ya koma jiha ya shigar da shaidar cikin fayil, in jihar ta yarda ta buɗe masa ƙofa. In ta ce ya makara bisa ƙa'idojinta, yawanci kotun tarayya ma ba za ta duba ƙorafin ba.

Gyaran da nake gani bai da wuya a rubuce. Majalisa za ta iya ƙara jimla ɗaya a dokar 1996 ta ce agogo yana tsayawa yayin da takarda ke hannun kotun tarayya, kamar yadda yake tsayawa idan tana hannun ta jiha. Da haka lokacin da alƙali ya ɗauka yana nazari ba zai zama bashi a wuyan fursuna ba, kuma rabin dalilin jinginewar ya kau. Masu jan ƙafa da gangan akwai dokokin da ke maganinsu tuni. Fiye da shekara 20 ke nan da hukuncin Duncan, majalisar ba ta ƙara wannan jimla ba.